Kwalbar Ruwa Mai Taya Bakwaini Numfashi

Babu ƙauyen da bai san bakwaini ba. Shi ne jinjirin da ya zo duniya watanninsa ba su cika ba. Ana haihuwarsa ɗan ƙanƙane, fatarsa ja, kukansa ba ƙarfi. Tsofaffin mata su naɗe shi da tsumma, a rufe ɗaki, a hura wuta, a zuba wa sarautar Allah ido. Wani ya rayu har ya zama magidanci. Da yawa ba su kai ranar suna ba.

Likitoci da sati suke ƙidayar ciki. Cikakken ciki sati 40 ne. Duk jinjirin da aka haifa kafin sati 37 bakwaini ne a wurinsu, ko ɗan wata bakwai ne ko ɗan wata takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini miliyan 13 da dubu 400 a duniya. Wato cikin haihuwa 10, ɗaya ta zo da wuri. A shekarar 2019 kuma yara kusan dubu 900 suka mutu saboda haka.

Akwai masu cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Tsohuwar magana ce, an yi ta a ƙasashe da yawa, amma ƙidayar asibitoci ta ƙaryata ta. Kowane sati da yaro ya ƙara a cikin uwarsa, ƙarfi yake ƙarawa. Wurin da ya fi bukatar kwanakin nan kuwa shi ne huhu.

Abin da ke hana shi numfashi

Duk wanda ya taɓa ganin mahauci ya hura huhun rago ya san yadda yake kumbura. Cikin huhu akwai ƴan jakunkuna ƙanana, miliyoyi, ido ba ya ganinsu. Nan iska take shiga, jini ya ɗauki abin da yake bukata a cikinta, wato oksijan. Jakunkunan a jiƙe suke. To, abu jiƙaƙƙe yana mannewa. A duba leda in an juye ruwan cikinta: gefe da gefe sun haɗe, sai an sha wuya kafin a buɗe ta.

Allah ya yi wa huhu maganin wannan. Akwai wani maiƙo mai santsi kamar sabulu da yake shafe cikin jakunkunan, ya hana su mannewa in iska ta fita. Amma huhun yaro ba ya tara maiƙon nan yadda zai wadata sai ciki ya kai wajen sati 34 ko 35. Bakwaini ya fito bai gama tarawa ba. Duk lokacin da ya saki numfashi, jakunkunan su manne. Sai ya sake buɗe su da ƙarfin tsiya, fiye da sau 60 cikin minti ɗaya, ga ƙirjinsa bai yi ƙwari ba. Kwana ɗaya, kwana biyu, ya gaji.

Wata likita a Amurka, Mary Ellen Avery, ita da abokin aikinta suka gano haka a 1959. Amma sanin ciwo bai kawo magani nan take ba. A watan Agusta na 1963 matar shugaban Amurka John Kennedy ta haifi ɗa namiji, saura sati 5 da ƴan kwanaki cikinta ya cika. An kai shi babban asibitin yara na birnin Boston, manyan likitoci suka taru a kansa. Bai cika kwana biyu ba ya rasu.

Alamun ciwon a fili suke, ungozoma da kaka suna iya ganinsu. Yaro yana numfashi da sauri-sauri. Fatar tsakanin haƙarƙari da ta ƙasan ƙirji tana lotsawa in ya ja iska. Ƙofofin hanci suna buɗewa, leɓe da harshe su yi duhu. Sannan akwai nishi, ɗan ƙaramin nishi a kowane numfashi. Nishin nan dabara ce ta jiki. Yaron yana tsuke maƙogwaro don kada iska ta fita duka, saura ta riƙe jakunkunan a buɗe. Injin da za a yi bayaninsa a nan, aikin nishin yake karɓar masa don ya huta.

Lawashi da ƙwarya

A 1971 wani likita a birnin San Faransisko na Amurka, George Gregory, ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya riƙa tura wa jarirai iska a hankali, ba yankewa, yadda kullum akwai ɗan matsi cikin huhunsu. Jarirai 20 ya gwada wa, 16 suka rayu. Cikin shekarun nan dai wani likita a birnin Niyok, Jen-Tien Wung, ya sauƙaƙa dabarar da kwalbar ruwa. Likitoci suna rubuta sunanta da haruffa huɗu, CPAP, suna cewa sipap.

Yaran lambu sun san wasan da zai bayyana ta. A tsinko ganyen albasa, wato lawashi, a tsoma bakinsa cikin ƙwaryar ruwa, a hura. In bakin yana sama-sama, hurawa ba wuya. In an nutsa shi ƙasa, sai an ƙara ƙarfi kafin kumfa ta fito. Ruwa ne yake tare iskar, kuma gwargwadon zurfi, gwargwadon tarewa.

Haka injin yake. Famfo ya turo iska cikin tiyo. Tiyon ya biyo ta hancin yaro, inda aka sa masa ƴan bututu biyu masu taushi. Sannan ya wuce, bakinsa ya nutse cikin kwalbar ruwa. Iska ba ta da mafita sai ta ture ruwan. Saboda haka ɗan matsi yana nan cikin tiyo, da hanci, da huhu, jakunkuna su tsaya a buɗe. Yawanci da zurfin santimita 5 ake farawa, kamar faɗin yatsu uku. In yaro yana bukatar ƙari, a ƙara zuwa 6, ko 7, ko 8. Lambobin a jikin kwalba suke, ido yana gani.

A lura da abu ɗaya. Injin nan ba ya yi wa yaro numfashi, taya shi yake yi. Yaron da ya faɗo bai yi kuka ba, bai ja iska ba sam, wani kaya dabam ake yi masa aiki da shi: jakar roba da ake matsawa da hannu.

Makabartar injuna

Dabara mai sauƙi ce, amma injin da kamfanoni suka ƙera don asibitocin Turai da Amurka ba mai sauƙi ba ne. Kuɗinsa yana kai dalar Amurka 6,000. Wannan ba dalar kasuwar Maraɗi ba ce: a canjin shekarar 2012 ya kai kusan miliyan 3 na sefa. Yana son iska da oksijan masu fitowa daga bututun jikin bango. Yana son wutar lantarki marar ɗaukewa. In wani ɗan ƙarfe ya lalace, sai an aiko da shi daga ƙetaren teku.

Ƙasashe masu arziki sun sha aiko wa asibitocin Afirka kyautar injuna iri-iri. Su yi aiki wata shida, shekara ɗaya, ƙura ta toshe su ko wuta ta ƙone su, a tura su wani ɗaki a kulle. Ma'aikata suna kiran ɗakin makabartar injuna. A 2011 masu bincike na jami'ar Duke sun duba lissafin kayan asibitoci a ƙasashe 16 masu tasowa. Cikin inji 10, kusan 4 ba su aiki.

Malawi ƙasa ce a kudu maso gabashin Afirka. Ba ta da teku, yawancin mutanenta manoma ne. A ƙiyasin shekarar 2010 ita ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar bakwaini, 18 cikin 100. Babban asibitinta na birnin Blantyre sunansa asibitin Sarauniya Elizabet. A 2006 wasu malaman jami'a mata biyu, injiniyoyi, suka ziyarce shi daga jami'ar Rice ta birnin Houston a Amurka. Sunansu Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden. Sun ga ɗakin jarirai cike, sun ga injuna a yashe. Sun kuma haɗu da likitar yara Elizabeth Molyneux, wadda ta daɗe tana aiki a wurin.

Abin da suka yi daidai shi ne sun saurari masu aikin. Suka koma gida suka ba ɗalibansu aiki: a ƙera sipap mai araha, marar nauyi yadda malamar asibiti za ta ɗauke shi daga wannan gado zuwa wancan, mai jure wahala, wanda za a iya gyarawa a Blantyre.

A 2010 ɗaliban suka fito da na farko. Ba su ƙera sabon famfo ba. Sun sayi famfo biyu irin wanda masu kiwon kifin ado suke sa wa cikin akwatin gilashi don ya ba kifi iska. Famfon nan an yi shi ne ya yi aiki dare da rana, shekara da shekaru, kuma abin da ke lalacewa a cikinsa ƴar roba ce mai araha. Suka sa su cikin akwatin roba irin na ajiye takalma, suka haɗa da tiyo da kwalbar shan ruwa. Da aka auna, iskar da yake bayarwa da matsinta daidai suke da na injin babban asibitin yara na Texas. Kuɗin haɗa shi wajen dalar Amurka 350, wato kamar jika 175 a lokacin.

A 2012 aka gwada shi a Blantyre, tare da likitan Malawi Kondwani Kawaza. Injunan ba su da yawa. Jinjirin da ya zo ya tarar da inji ba kowa a kai, a sa masa. Wanda ya tarar an riga shi, a ba shi oksijan kawai kamar yadda aka saba. Jarirai 62 suka samu inji, 44 suka rayu. Jarirai 25 ba su samu ba, 11 suka rayu. In an ware masu ciwon rashin maiƙon huhu kaɗai, tazarar ta fi haka: wajen 65 cikin 100 da inji, wajen 24 cikin 100 ba inji. Aka sa masa suna Pumani. Da harshen Ciciwa na mutanen Malawi, ma'anarsa a yi numfashi a huta. Daga baya wani kamfani ya riƙa ƙera shi da akwatin ƙarfe, ma'aikatar kiwon lafiya ta Malawi ta raba shi asibitocin gundumomi, ya kuma shiga ƙasashe fiye da 30.

Abin da ɗakin jinya ya koya musu

Famfo da kwalba su ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wurin hanci. Hancin bakwaini bai kai kan ƙaramin yatsa ba, fatarsa kamar ta ɗanyen ƙwai. In bututun ya yi ƙanƙanta, iska ta zurare ta gefe, matsi ya tafi. In ya yi girma, ko ya danne tsakiyar hanci, ya yi masa rauni. Sai da aka tanadi bututu girma-girma. Aka kuma nemi yadda za a riƙe tiyo kada ya goce in yaro ya motsa. Da farko hular saƙa aka sa masa, aka maƙale tiyon a jikinta da fil da ƴar roba.

Iskar famfo busasshiya ce. Tana busar da hanci, majina ta daskare ta toshe hanya, wani lokaci har haɓo. Manyan injuna suna ɗumama iska su jiƙa ta, amma wannan yana cin wuta da kuɗi. A Malawi sai aka riƙa ɗiga ruwan gishiri na asibiti cikin hanci bayan ƴan awowi, ana zuƙe majina. Wata iskar kuma tana ɓacewa ta shiga ciki, ya kumbura. Don haka ake zura siririn tiyo ta baki zuwa tumbi. Ta nan iska take fita, ta nan kuma ake ba yaro nonon da uwarsa ta tatsa.

Shi kansa tsarin tiyo sai da aka sake shi. A 2018 masu bincike a ƙasar Suwidin suka auna Pumani na farko a ɗakin gwaji. Suka nuna cewa yadda aka jera tiyonsa yana sa yaro ya fi shan wuya wajen fitar da numfashi. Maƙeransa sun gyara. Wanda ya taɓa shan fura mai kauri da siririn tsinke ya san abin da ƙuncin bututu yake yi. Wannan gargaɗi ne ga masu haɗa sipap da kowane tiyo da suka samu.

Da injin ya isa asibitocin gundumomi, yaran da suka rayu sun ƙaru, amma ba kamar a Blantyre ba. Aka bi sawu. Babban dalili ɗaya shi ne sanyi. Jarirai da yawa suna isowa jikinsu ya yi sanyi, su kuma zauna da sanyin a kan gado. Waɗannan, ko an sa musu inji, mutuwarsu ta fi ta masu ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Wani dalilin shi ne hannu. A koya wa malamar asibiti aikin, bayan wata uku a canza mata ɗaki, a kawo wadda ba ta taɓa ganin injin ba. Da dare kuma mutum ɗaya ce a kan gadaje masu yawa.

Labari biyu sun isa su nuna nauyin wannan magana. Dukansu kan yara ne masu ciwon huhu mai tsanani, ƴan ƙasa da shekara 5, ba bakwaini ba. A birnin Daka na Bangaladesh, likita Mohammod Jobayer Chisti ya haɗa sipap da kwalbar sabulun wanke gashi. A ɗakin da likitoci suke tsaye dare da rana ya gwada shi. Sakamakon ya fito a 2015: 4 cikin 100 suka mutu da kwalba, 15 cikin 100 da oksijan kawai. A gundumar Salima ta Malawi kuma aka gwada wani injin kwalba, ba Pumani ba, kan yara 644, a asibitin da babu likita mai duba su kullum. Sakamakon ya fito a 2019: 17 cikin 100 suka mutu da inji, 11 cikin 100 da oksijan kawai. Dole aka tsayar da gwajin. Duk mai shirin sayo wa asibiti inji ya kamata ya fara ƙidaya ma'aikatan da za su tsaya a kansa.

Darasin nan ya sa a 2019 aka kafa wani shiri mai suna NEST360 a Malawi, Kenya, Tanzaniya da Najeriya. Shirin ba ya kai sipap shi kaɗai. Yana haɗawa da gadon ɗumama jinjiri, da fitilar maganin shawara, da injin oksijan, da horon ma'aikata da masu gyara.

Oksijan magani ne, yana da ƙa'ida

Iskar da kowa yake shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne oksijan. Bakwaini mai wahala yakan bukaci fiye da haka. Amma tsantsar oksijan tana ɓata jijiyoyin idonsa da ba su gama tofowa ba. An koyi wannan da tsada. Daga shekarun 1940 zuwa farkon 1950, asibitocin ƙasashe masu arziki sun cika akwatunan jarirai da oksijan da kyakkyawar niyya. Yara wajen dubu 10 suka makance kafin a gane dalili. Mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu.

Nan ne haɗin gida yake da hatsari. A asibitoci da yawa na Afirka, ma'aikata masu himma suna haɗa tiyo da kwalba kai tsaye da tukunyar oksijan. Kumfa tana fita, yaro yana samun sauƙi, amma tsantsa yake shaƙa. Inji nagari dole ya gauraya oksijan da iskar ɗaki, kamar yadda ake sirka ruwan zafi da na sanyi. Dole kuma a ɗaura wa yaro ɗan abin awo mai jar fitila a ƙafa, wanda yake nuna yawan oksijan cikin jini. Tsakanin 90 da 95 ake so lambar ta tsaya.

Pumani yana gaurayawa, amma sai da wutar lantarki. In wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya. Wasu maƙera suka ɓullo ta wata hanya. Likita Thomas Burke na Boston da abokan aikinsa suka yi inji mai suna Vayu, wanda ba ya bukatar wuta ko batir. Oksijan yana fitowa daga tukunya da ƙarfi, ya ratsa wata ƴar ƙaramar ƙofa da gudu. Gudun nan yana janyo iskar ɗaki ta gefe, kamar yadda babbar mota take jan ƙura a bayanta. A murɗa wani abu, a ƙara ko a rage. Wata ƙungiya mai suna PATH ta yi irinsa da ƴan robobi biyu, ɗaya mai ba da kashi 37, ɗaya kashi 60, aka gwada su a asibitin Kiwoko na Uganda. A maƙwabciya Najeriya kuma, Farfesa Hippolite Amadi ya ƙera sipap da kayan raba oksijan masu aiki da hasken rana. A 2023 aka ba shi babbar kyautar kimiyya ta ƙasar saboda su.

Kowace hanya da kuɗinta. Mai famfo yana jiran wuta. Marar wuta yana jiran tukunya, tukunya kuwa tana da nauyi, tana ƙarewa, kuma cika ta sai birni. Akwai injin da yake tace oksijan daga iskar ɗaki, amma ya fi famfo cin wuta sosai, kuma ƙura da zafi suna gajiyar da shi in ba a wanke matacinsa.

Hanya

Duk injunan nan a asibiti suke. Bakwaini kuwa sau da yawa a ƙauye ake haihuwarsa, ko a ruga, tsakar dare. A Nijar, daga gida sai ƙaramin gidan likita, a kan amalanke ko babur. Daga nan motar asibiti ta kai shi asibitin gunduma, ko cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Awowi ne. Kuma awowin farko su ne jakunkunan huhu suke mannewa. Sipap ya fi amfani in an sa shi da wuri, kafin yaro ya gaji.

Don haka maƙera suka sa ido kan injin tafiya. Matsalolinsa dabam ne. A kan hanya mai gargada ruwan kwalba yana tangaɗi, zurfi ya canza, matsi ya canza. Dole kwalba ta tsaya a miƙe, kuma a ƙasa da yaro, don kada ruwa ya gangaro zuwa hancinsa. Wasu sun bar ruwan, sun sa ɗan murfi mai tare iska a madadinsa, amma shi ba ya kumfa, ido ba ya gane ko yana aiki. Tukunya dole ta isa tafiyar har da tsayawar faci. Bututun hanci yana gocewa a kowane rami. Kuma dole ma'aikaci ya zauna kusa da yaron, ga shi gidan likitan da ya baro wataƙila shi kaɗai ne a cikinsa. Har yanzu yawancin bakwainin Afirka ba da inji suke wannan tafiya ba.

Saboda haka likitoci suke cewa a kawo yaro tun yana ciki. In naƙuda ta taso wata bai cika ba, ko faya ta fashe, ko jini ya ɓalle, a kama hanya nan take, kada a jira gari ya waye. A babban asibiti akwai allurar da ake yi wa uwa in ciki bai kai sati 34 ba, mai gaggauta nunar huhun yaro. Makiyaya za su so jin asalinta. Wani likita a ƙasar Niyuzilan, Graham Liggins, yana binciken abin da ke tayar da naƙudar tumaki a ƙarshen shekarun 1960. Ya lura ƴan tumakin da suka samu wani magani tun suna ciki suna iya numfashi ko sun faɗo da wuri. A 1972 shi da abokinsa suka nuna haka yake ga mutane.

In kuwa haihuwa ta riga ta zo, abin da ke hannun gida shi ne ɗumi. A goge yaro da busasshen zane, a ɗage wanka. A kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwa, tsakanin nonuwa, fata da fata, kansa a juye gefe yadda hanci zai samu iska. A sa masa hula, a ɗaure su tare da zane, a rufa. Goyo ne, amma na gaba. In uwa ba ta iya ba, kaka ko uba ya yi. A haka za a yi tafiyar. Kunyar ɗan fari da al'adar zaman ɗaki har suna ba su shafi wannan rana ba.

Goyon ƙirji a asibitin birnin Bogota na Kolombiya aka fara shi a 1978, lokacin da akwatunan ɗumama jarirai suka kasa. A 2021 aka bayyana sakamakon babban gwaji a asibitoci biyar: Kumasi a Gana, Ile-Ife a Najeriya, Blantyre, Darussalam da Delhi. Jarirai ne masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1 da giram 800. Waɗanda aka fara yi wa goyon tun daga haihuwa, 12 cikin 100 suka mutu a watan farko. Waɗanda aka jira sai sun murmure, kusan 16. Da yawansu suna kan ƙirjin uwa, bututun sipap yana hancinsu. A 2022 OMS ta ba da shawarar a yi duka biyun.

Uwa a gefen kwalba

Masu bincike da suka zanta da iyaye mata a Malawi sun tarar da tsoro. Mutane sun saba ganin ana sa wa marar lafiya tiyo a hanci dab da mutuwarsa, sai suka ɗauka tiyon ne yake kisa. Wasu iyaye sun ƙi yarda. Wasu sun shigo ɗaki sun ga ɗansu da hula da bututu, ba wanda ya yi musu bayani, suka fashe da kuka. Inda ma'aikata suka zauna suka bayyana, iyaye sun yarda, har sun zama masu taimako.

Yaro yakan yi ƴan kwanaki a kan injin. Cikin kwanakin huhunsa yana tara maiƙon da ya rasa. Sai a riƙa rage oksijan da zurfin ruwa kaɗan-kaɗan, har a cire bututun. Aikin uwa a lokacin shi ne tatsar nono, tun daga dakashi, da wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa shi. Kada ta ba shi ruwa ko jiƙo ta baki, kada ta cire bututu don ta ga ya dame shi.

Akwai kuma gadin kwalba, wanda ba ya bukatar karatu. Muddin ruwa yana ɓul-ɓul, iska tana isa. In kumfa ta tsaya, wani abu ya faru: ko bututu ya fita daga hanci, ko tiyo ya cire, ko bakin yaro ya buɗe iska tana zurarewa, ko wuta ta ɗauke, ko tukunya ta ƙare. In ruwa ya sauka ƙasa da lambar da aka nuna mata, matsi ya ragu. Uwa ko kaka da ke zaune a gefen gado ita take fara gani, sai ta tashi ta kira malamar asibiti, ko da ƙarfe uku na dare ne.